Ina Za a Kafa Tashar? Nazari kan Taƙaddamar Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Garin Bellevue na Amurka

A watan Nuwamba na 2008, ranar da Amurkawa suka zaɓi Barack Obama, mazauna yankin Seattle da ke jihar Washington sun kaɗa wata ƙuri'ar ta daban a kan takarda guda. An tambaye su ko sun yarda a ƙara musu harajin sayen kaya domin a faɗaɗa layin ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, irin mai aiki da lantarki, mai tarago biyu zuwa huɗu. Suka ce sun yarda. Shirin na dala biliyan 17.9 ne, kuma a cikinsa akwai reshe mai tsawon kusan kilomita 22 da zai tashi daga Seattle, ya tsallaka Tafkin Washington, ya ratsa garin Bellevue, ya dire a ƙofar hedikwatar kamfanin Microsoft a Redmond. Jama'a sun ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu aka fara. Sai da aka shafe shekara bakwai da ɗoriya ana kai ruwa rana a zauren majalisar gari da kotuna da akwatin zaɓe kafin a sa diga a ƙasa a 2016. Fasinjan farko kuwa bai hau ba sai ranar 27 ga Afrilu, 2024.

Wannan nazari ya bi sawun wannan taƙaddama ne domin ta tattara kusan duk hujjojin da ake jefa wa juna a duk inda aka ce za a kai layin dogo tsakiyar garuruwan gefen birni da wuraren cinikinsu. Abin da nake son nunawa shi ne, nasarar irin wannan aiki ko faɗuwarsa na rataye ne a kan 'yan ɗaruruwan mitocin da ke tsakanin ƙofar tasha da inda fasinja ya nufa, kuma masu filayen wurin su ne suka fi kowa iko a kan waɗannan mitoci.

Garin da mota ta haifa

Kafin 1940 Bellevue ƙauyen manoman lambu ne a gabashin tafkin. Da yawa daga manoman 'yan asalin Japan ne, waɗanda gwamnatin Amurka ta kwashe zuwa sansanonin tsaro a 1942 saboda yaƙin duniya na biyu. Abin da ya canza ƙauyen shi ne gadar farko da aka buɗe a kan tafkin a 1940. Cikin waɗanda suka yi uwa suka yi makarɓiya wajen ganin an yi gadar akwai Miller Freeman, mai buga mujallu, wanda kuma ya yi ƙaurin suna wajen ƙin jinin Japanawa. Ɗansa Kemper ya buɗe rukunin kantunan da ake kira Bellevue Square a 1946, tun kafin garin ya samu majalisarsa a 1953. Jikansa kuma, Kemper Freeman ƙarami, shi ya mayar da wurin katafariyar cibiyar kantuna da otal-otal da ofisoshi, da wurin ajiye motoci fiye da 10,000 kyauta.

Wato dai kantin ya girmi garin, kuma da ma'aunin mota aka yanka titunansa. Tsakanin mararraba da mararraba a tsakiyar Bellevue kusan mita 180 ne, ninki biyu ko fiye na abin da aka saba gani a tsofaffin birane, titunan kuma masu faɗi ne, sai mai tafiya a ƙafa ya tsaya jiran danja kafin ya tsallaka. Yau garin na da mutane wajen 150,000 da dogayen benaye na ofisoshi. Irin waɗannan wurare ne ɗan jarida Joel Garreau ya yi littafi a kansu a 1991: sababbin cibiyoyin aiki da ciniki da suka tsiro a bakin manyan hanyoyi, ba tare da sun taɓa sanin tashar jirgi ba.

Hujjojin mai kantuna

Freeman ƙarami shi ne ya zama jigon adawa da jirgin, kuma kuskure ne a ɗauki hujjojinsa da wasa, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu. Ya daɗe yana cewa mafi yawan tafiye-tafiyen yankin da mota ake yinsu, jirgin ba zai ɗauki wani kaso na a-zo-a-gani ba, kuma da kuɗin da za a narka a layi ɗaya za a iya faɗaɗa hanyoyi a ƙara motocin bas ko'ina. Binciken masana ya mara masa baya a wurare biyu. Bent Flyvbjerg, masani ɗan ƙasar Denmark, da abokan aikinsa sun duba manyan ayyukan sufuri 258 a ƙasashe daban-daban, suka gano cewa ayyukan dogo kan zarce kasafinsu da kusan kashi 45 cikin ɗari. A wani binciken nasu kuma suka nuna cewa fasinjojin da ake samu bayan an buɗe layi sukan tsaya a wajen rabin abin da aka yi hasashe. Na biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner sun wallafa bincike a 2011 da ya nuna cewa ƙara jiragen cikin gari ko bas ba ya rage cunkoson manyan hanyoyin Amurka. Duk gurbin da wanda ya koma jirgi ya bari a kan titi, wani direban zai cike shi.

To amma wannan binciken na 2011 bai bar Freeman ya tsira ba. Babban abin da ya gano shi ne, idan aka ƙara tsawon layukan hanya da kashi goma cikin ɗari, tuƙi ma kan ƙaru da kusan kashi goma. Maganin da mai kantuna ya kawo ke nan ya faɗi a kan sikelin da ya kayar da na abokan hamayyarsa. Masu goyon bayan jirgi sun yi wa kansu illa da suka riƙa tallata shi a matsayin maganin gosulo, domin alkawari ne da ba zai cika ba, kuma sun miƙa wa abokan adawa sandar dukansu.

Amfanin jirgin yana wani wuri dabam, a lissafin fili. Mota guda, idan aka haɗa da hanyar shiga da fita, tana cin kusan murabba'in mita 30 a wurin ajiya, fiye da abin da ma'aikacin ofis ke samu shi da teburinsa. Muddin kowa zai zo aiki a motarsa, to duk benen ofis da aka gina sai an gina masa wani wurin kwanan motoci da ya kai shi girma, sannan titunan da ke kewaye su ɗauki motocin nan safe da yamma. Tsakiyar Bellevue kuwa ƙaramin wuri ne, babbar hanya ta tokare shi ta gabas, unguwannin masu hali sun kewaye sauran ɓangarorin. Jirgi ne ke ba irin wannan wuri damar ci gaba da tsawo bayan tituna sun cika. Cunkoson yana nan, amma mutum ya samu hanyar kauce masa.

Shi ɗan kasuwa lissafinsa daban ne, kuma ba wauta ba ce. Wanda ya zo da mota yana iya sayen talabijin ko kaya jaka biyar ya zuba a but. Wanda ya zo a jirgi abin da hannunsa zai ɗauka kawai zai saya. Sai dai wannan lissafi masu saye kaɗai ya ƙirga. Bai ƙirga mai shara da mai girki da mai karɓar kuɗi a kanta ba, waɗanda albashinsu ba zai kama musu ɗaki a Bellevue ba, kullum daga nesa suke zuwa.

Akwai kuma maganar da ba kasafai ake faɗinta a gaban makirufo ba, wato su wa jirgin zai kwaso. A Bellevue da harshen kuɗi da na doka aka yi gardamar, amma a wasu wuraren an fito da ita fili. Ƙaramar hukumar Gwinnett da ke gefen Atlanta ta ƙi shiga tsarin jirgin birnin a ƙuri'un 1971 da 1990 da 2019, kuma launin fata bai taɓa nisa da wannan muhawara ba. (Abin ban dariya, kuɗin gwamnatin tarayya da aka fara gina jirgin Atlanta da su, da Seattle aka nufa da su, sai masu zaɓenta suka kasa ba shirin rinjayen da doka ta buƙata a 1968 da 1970.) Mafi muni shi ne abin da ya faru a rukunin kantunan Walden Galleria kusa da Buffalo. Masu wurin sun hana bas ɗin da ke fitowa daga unguwannin baƙar fata shiga harabarsu, alhali bas-bas na 'yan yawon sayayya daga Kanada na shiga har bakin ƙofa. A Disamban 1995 wata yarinya 'yar shekara 17 da ke aiki a wani shagon abinci a ciki ta sauka a ɗaya gefen titi mai layi bakwai, babu wurin tsallakawa, ga dusar ƙanƙara ta cika gefen hanya. Tana ratsa motoci tifa ta take ta, ta rasu bayan 'yan makonni. Shari'ar da aka yi a kan mutuwarta ta ƙare da biyan diyyar dala miliyan 2.55. Dangane da tsoron da ake yi cewa jirgi na kai ɓarayi unguwannin masu kuɗi, binciken da Anastasia Loukaitou-Sideris da abokan aikinta suka yi a kan wani layin Los Angeles bai samu wata hujja mai ƙarfi da ta tabbatar da haka ba.

Gada da kotu

Tafkin Washington yana da zurfi ƙwarai, ƙasansa kuma laka ce, ba a iya kafa ginshiƙai. Shi ya sa gadojinsa a kan ruwa suke kwance, bisa manya-manyan akwatunan kankare da aka ɗaure da igiyoyin ƙarfe. Gadar tana motsi: ruwa ya ƙaru ta ɗaga, iska ta taso ta karkata, nauyi ya hau ta ɗan nutse. Dogo kuwa ba ya son wasa. Sai da injiniyoyi suka ƙera wasu mahaɗai na musamman da ke barin dogon ya lanƙwasa a hankali a inda gada ta haɗu da tudu, aka kai su filin gwaji na Pueblo a jihar Colorado aka jarraba. Kafin wannan aiki, ba a taɓa ɗora irin wannan jirgi a kan irin wannan gada ba a ko'ina.

A nan Freeman ya ja daga. Gyara na 18 a kundin tsarin mulkin jihar, wanda aka yi a 1944, ya ce harajin mai na ayyukan hanya ne kaɗai. Tunda da wannan haraji aka taimaka aka gina gadar, in ji shi, haramun ne a ba jirgi layukan tsakiyarta. Hukuma ta kare kanta da cewa tun a wata yarjejeniya ta 1976 aka ware layukan nan domin sufurin jama'a, kuma hukumar jirgin, Sound Transit, biya za ta yi. A 2011 ya zuba fiye da dala miliyan ɗaya a wani ƙudurin raba-gardama mai lamba 1125, wanda da ya wuce da ya toshe wa jirgin hanya. Masu zaɓe suka yi watsi da shi. A 2013 kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci, ya sha kaye.

Duk da haka gadar ta rama masa ta wata fuskar. An yi niyyar buɗe layin gaba ɗaya a 2023, sai aka gano cewa tubalan kankaren da dogon ke zaune a kansu a sashen da ya bi babbar hanyar tafkin ba su yi kyau ba, dole aka farfasa aka sake. Dalilin da ya sa ke nan a 2024 ɓangaren gabas kaɗai aka buɗe, tasha takwas, bai ko taɓa Seattle ba.

Rigimar taswira

Ba a kotu gizo ya yi saƙarsa ba, a zauren majalisar gari ne, inda aka yi shekaru ana tufka da warwara a kan taswira. Bayan zaɓen 2009 masu ɗari-ɗari da shirin suka samu rinjaye. A kudancin gari mazauna unguwanni irin su Surrey Downs da Enatai sun ƙi jirgin ya bi ta bayan gidajensu, suka ce a mayar da shi tsohon layin jirgin kaya da ke can gabas. Wani kansila, Kevin Wallace, ya kawo shawarar a ɗaga layin sama ya bi gefen babbar hanya mai lamba 405, ta yadda ba zai shiga tsakiyar gari ba sam. Hukumar jirgi kuma kasafinta bai tanadi haƙa rami ba, ta fi son dogon ya bi kan titi. Majalisa ta yi tsayuwar gwamin jaki cewa jirgi ba zai ci layin mota ko ɗaya a tsakiyar garinta ba.

A Nuwamban 2011 aka cimma matsaya: za a yi hanyar ƙarƙashin ƙasa, garin kuma zai ba da gudummawar da za ta iya kaiwa dala miliyan 160. Daga baya aka zauna neman inda za a rage kuɗi, sai wuƙar ta faɗa kan tashar. Aka fitar da ita daga ƙarƙashin ƙasa, aka ajiye ta a sarari kusa da sakatariyar gari, a gefen gabas na tsakiyar garin. Abin da aka samu a ƙarshe shi ne rami mai tsawon wajen mita 600 wanda babu tasha ko ɗaya a cikinsa. A ganina wannan ita ce shaida mafi ƙarfi a kan abin da majalisar ta fi damuwa da shi. An kashe maƙudan kuɗi an nutsar da jirgin don ya kauce wa motoci, fasinja kuwa ko taku ɗaya bai rage ba.

A duba tafiyar wanda ya sauka yana son zuwa Bellevue Square. Zai fito tasha ya tsallaka titi, ya ratsa tashar bas, ya sake tsallaka wani, ya gangara ta wata hanyar ƙafa da ta bi tsakanin benaye, ya kuma jira danja a babban titin Bellevue Way kafin ya kai ƙofar kantuna. Tafiyar minti goma ce ko fiye, a yankin da aka sani da yawan yayyafi. Da dawowa hawa ne, ga kaya a hannu. Wanda ya zo da mota kuwa daga wurin ajiya sai lifta, tsakanin gine-ginen ma akwai gadojin sama masu rufi. Wanda ya taɓa ganin an mayar da tashar mota bayan gari, direbobi suka koma lodi a bakin titi, ya san yadda fasinja ke yi da tashar da ta yi masa nisa.

Ba dole ba ne a yi haka. A Bloomington da ke jihar Minnesota, jirgin da ya isa Mall of America a Disamban 2004 har cikin ginin ajiye motocin kantunan yake shiga, fasinja ya sauka ya hau matakala ya samu kansa a ciki. A Tysons da ke jihar Virginia kuwa, inda babban jirgin birnin Washington ya isa a 2014, an yi irin gardamar Bellevue amma ta ƙare a juye. Masu son rami sun sha kaye a 2006 saboda tsoron rasa tallafin gwamnatin tarayya, aka kafa tashoshi huɗu a sarari, a kan manyan tituna da gefensu, inda isa gare su a ƙafa ke da wuya.

Wa ya biya, wa ya ci riba

Abin da masu gardamar 2009 ba su hango sosai ba shi ne, idan tasha ta ƙi zuwa wurin gari, gari na iya tasowa ya same ta, muddin doka ta bari. Kamfanin Amazon, wanda ya sanar a 2020 cewa zai kai ma'aikata 25,000 Bellevue, ya kafa babban benensa ne dab da tashar. Gaba kaɗan kuma, a yankin BelRed, majalisar ta yi abin da ya fi ramin amfani nesa ba kusa ba, kuma da alƙalami kawai ta yi shi. A 2009 ta canza dokar amfani da filaye, ta halatta gina benayen gidaje da ofisoshi a inda da sai rumbunan kaya da garejoji. Tsohon wurin ajiyar kayan kamfanin Safeway, mai faɗin eka 36, ya zama sabuwar unguwar Spring District mai tasharta. Kamfanin REI ya gina hedikwata a can, annobar korona ta zo, ya sayar wa Facebook da ita a 2020 a kan kusan dala miliyan 368 tun bai tare ba. A Mayun 2025 layin ya ƙarasa tsakiyar Redmond, inda tashar ke maƙwabtaka da rukunin kantunan garin.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da aka fi kauce wa. Darajar waɗannan filaye ta tashi tun kafin jirgi ya fara gudu, kuma aljihun masu filayen ta shiga. Kuɗin aikin kuwa kaso mafi tsoka daga harajin sayen kaya ya fito, harajin da ya fi ciwo ga mai ƙaramin ƙarfi, a jihar da ba ta karɓar harajin albashi. Mai wanke kwanuka a otal ya biya nasa kason duk lokacin da ya sayi takalmi. A nan Tysons ta fi Bellevue adalci, duk da munin tashoshinta: masu filayen kasuwanci a can sun amince aka ɗora musu haraji na musamman har dala miliyan 400 domin kashin farko na layin. Wanda ya san zai ci riba ya sa hannu a aljihu. Shi ma Freeman, wanda ya yi shekaru yana yaƙar aikin, gine-ginensa na cikin garin da jirgin ya ƙara wa daraja.

Hukuncina a kan Bellevue shi ne, 'yan adawa sun yi gaskiya a kan tsada da jinkiri da batun cunkoso, amma sun yi amfani da ƙarfinsu wajen nisanta tashar daga inda jama'a ke zuwa, wanda hakan ke rage fasinjojin da daga baya za a ce ba su zo ba. Masu goyon baya sun ci shari'a sun ci zaɓe, suka yi sakaci a wurin zana taswira.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Jirgin cikin garin Abuja da aka ƙaddamar a Yulin 2018 ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai Mayun 2024, kuma cikin gyaran da aka yi kafin dawowarsa har da gina hanyoyin da za su kai mutane wasu tashoshin, domin a cikin jeji aka dasa su. Hanyar Nyanya da Mararaba, wadda dubban ma'aikata ke kwana a cunkosonta, ba ta cikin layin. A Kano ma tun zamanin gwamnatin Ganduje ake maganar irin wannan jirgi. Ranar da aka kawo shirin gaban jama'a, kada 'yan kasuwa da 'yan majalisa da 'yan jarida su tsaya a kan yawan biliyoyi da tsawon kilomitoci. A nemi a buɗe taswira, a nuna mita nawa ne daga ƙofar tasha zuwa ƙofar Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, a kuma bayyana sunayen masu filayen da ke kewaye da kowace tasha da abin da za su biya.